Kansilan da ya gina wa talakawan Viyana gidaje da harajin masu hali

Duk ɗan siyasar da ya hau mumbari ya ce zai sama wa talaka gida mai sauƙin haya, kafin a tafa masa ina so a fara yi masa tambaya guda: kuɗin daga aljihun wa za su fito? Idan ya shiga kame-kame, a bar shi da alkawarinsa. Idan kuwa ya kama suna, ya ce wane da wane ne za su biya, ga kuma abin da kowa zai biya, to wannan da gaske yake, kuma ba za a daɗe ba maƙiya za su yi masa caa. A ganina babu kansilan da ya amsa wannan tambaya ɓaro-ɓaro kamar Hugo Breitner, wanda ya riƙe baitulmalin birnin Viyana na ƙasar Ostiriya daga 1919 zuwa 1932. Ba magini ba ne, ba mai zanen gine-gine ba ne, ba shi ne ma magajin gari ba. Mutumin lissafi ne. Amma yau idan ana maganar birnin da talaka ke kwana ba ya fargabar mai gida, Viyana ake fara ambata, kuma tushen wannan abu a teburinsa aka kafa shi.

Sai mun san halin da ya tarar da garin kafin mu gane girman aikin. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Viyana hedikwatar daula ce mai mutane sama da miliyan 50, gari mai fadoji da manyan tituna. A bayan waɗannan fadoji kuwa, leburori da ma'aikatan masana'antu na cunkushe a dogayen benaye na haya, iyali guda cikin ɗaki ɗaya da ɗan kicin. Mafi yawan waɗannan ɗakuna ba su da ban ɗaki, ba su da famfo a ciki. Famfo ɗaya ne a baranda, ban ɗaki ɗaya na gidaje da yawa, tagar kicin kuma ba ta kallon rana. Tsadar haya ta kai har iyali kan ba da hayar gadonsu na wasu sa'o'i: mai aikin dare ya zo ya kwanta da rana, ya tashi kafin mai gadon ya dawo. Dubban mutane haka suka rayu, gado kawai suke haya, ba ɗaki ba. Tarin fuka ya yi katutu a garin har a Turai ana kiransa cutar Viyana. Mai gida kuma yana da ikon ƙara haya ko ya kori ɗan haya duk lokacin da ya ga dama.

A 1918 daular ta wargaje. Aka bar ƙaramar ƙasa mai mutane kimanin miliyan 6 da rabi, kusan miliyan 2 daga cikinsu a Viyana, ga yunwa, ga sojoji sun dawo ba aiki, ga kuɗin ƙasar suna zubewa kullum. A zaɓen birni na watan Mayun 1919, wanda mata suka kaɗa ƙuri'a a ciki, jam'iyyar ma'aikata ta lashe kujeru 100 cikin 165. Jakob Reumann ya zama magajin gari, aka damƙa wa Breitner harkar kuɗi.

An haifi Breitner a Viyana a 1873, cikin iyalin Yahudawa. Ya yi shekaru sama da ashirin yana aiki a wani babban banki mai suna Länderbank, ya tashi daga ƙaramin ma'aikaci har ya kai darakta, kuma yana cikin waɗanda suka yi fafutukar ƙungiyar ma'aikatan banki. Sai a 1918 ya shiga jam'iyyar. Wannan tarihi nasa yana da muhimmanci a wurina, domin mutumin ya san inda masu kuɗi ke ajiye kuɗinsu, ya san yadda suke kashe su, ya kuma san abin da bashi ke yi wa wanda ya ci shi. Babu attajirin da zai zauna gabansa ya ruɗe shi da alƙaluma.

Dama ta samu a farkon 1922, lokacin da aka raba Viyana da yankin da ke kewaye da ita, ta zama jiha mai cin gashin kanta. Ma'ana, majalisar birnin ta samu ikon ƙirƙiro harajinta. Breitner bai ɓata lokaci ba. Ya ɗora haraji kan motocin hawa, a zamanin da sai mai hali ke da mota. Ya ɗora kan dawakan sukuwa da na hawa don nishaɗi, kan manyan gidajen cin abinci da otal-otal na alfarma, kan wuraren shaƙatawa na dare. Akwai harajin barorin gida: mai ɗan aiki ɗaya ba ya biyan komai, amma daga na biyu harajin ke somawa, yana kuma hauhawa da kowane ƙarin bara. Abin da ya fi burge ni shi ne bai ɓoye komai ba. Yakan tsaya gaban jama'a ya faɗa musu cewa harajin wuri kaza shi ne ke ɗaukar nauyin abu kaza, wanda aka karɓa daga masu shagali shi ne ke biyan kuɗin kula da lafiyar 'yan makaranta. Talaka ya san daga ina abin ya fito, mai kuɗi ma ya san inda nasa ya tafi.

Babban cikinsu shi ne harajin gina gidaje na 1923, wanda ya tsara tare da abokin aikinsa Robert Danneberg. Duk wanda ke zaune a gida ko yake riƙe da shago yana biya, amma ba daidai wa daida ba. Mai ɗaki da kicin abin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba. Mai katafaren gida a tsakiyar gari kuwa yana jin sa a jikinsa, ta yadda 'yan tsirarun gidaje mafi tsada su ne ke kawo kaso mai tsoka na abin da ake tarawa. Kuma an ɗaure kuɗin: ba a taɓa su sai don ginin gidaje. Harajin shi kaɗai bai isa biyan dukkan aikin ba, an riƙa cikowa daga sauran kuɗin shiga na birnin, amma shi ne ginshiƙi. Har yau a jikin waɗannan gine-gine akwai rubutu da manyan jajayen baƙaƙe da ke cewa majalisar Viyana ce ta gina su a shekara kaza zuwa kaza da kuɗin harajin gina gidaje. Wannan rubutu ni a wurina hisabi ne da hukuma ta yi wa kanta a bainar jama'a, shekara kusan ɗari ke nan ana karanta shi.

Yanzu ga wurin da nake so mu tsaya mu yi nazari, domin nan ne hikimar take. Breitner ya ƙi gina gidajen da bashi. A zamaninsa ma, kamar yanzu, hanyar da kowa ya sani ita ce hukuma ta ranto kuɗi daga banki, ta gina, sannan ta tara haya ta biya. Shi da ya fito daga cikin banki ya san ƙarshen wannan hanya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan da bashi aka gina gida, to bankin ne zai yanke kuɗin haya ko da ba ya wurin, domin dole hayar ta biya uwar kuɗi, ta biya kuɗin ruwa, shekara da shekaru. Daga nan gidan ya fi ƙarfin wanda aka ce don shi aka gina. Da Viyana ta biya kuɗin gini kai tsaye daga haraji, sai ta ɗauki wannan kuɗi a matsayin wanda aka kashe, ba a neman ya dawo. Abin da ake nema daga ɗan haya shi ne kuɗin gyara da kula da gini da tafiyar da shi. Shi ya sa hayar ta sauko zuwa kimanin kashi 4 cikin 100 na albashin ma'aikaci, alhali kafin yaƙi haya kan cinye kashi ɗaya cikin biyar ko ma cikin huɗu.

Ku duba abin da wannan ke nufi a cikin gida. Kuɗin da da mai gida zai karɓe sun koma tukunya, sun koma takalmin yaro, sun koma magani. Matar gida ta daina ba baƙo hayar gadon 'ya'yanta. Mutumin da ya rasa aiki na wata biyu ba a watso masa kaya a titi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙarshen wata ke tsufar da magidanci ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A watan Satumban 1923 majalisar ta amince da shirin gina gidaje 25,000 cikin shekara biyar. Aka gama kafin wa'adi, aka ƙara wani shirin a 1927. Karl Seitz ne magajin gari tun daga watan Nuwamban 1923, Anton Weber kuma kansila mai kula da gidaje. Zuwa 1934 an gina gidaje sama da 60,000, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma na mazauna birnin yana zaune a cikinsu. Kowane gida da ban ɗakinsa da famfonsa a ciki, da gas da lantarki, kowane ɗaki da tagar da rana ke shiga. An hana cika fili da gini, dole a bar tsakar gida mai faɗi da bishiyoyi inda yara za su yi wasa. A cikin manyan rukunan akwai wurin wanki na injina, wuraren wanka, makarantun renon yara, ɗakunan karatu, ɗakunan shan magani. Mafi shahara shi ne Karl-Marx-Hof, wanda Karl Ehn ya zana, aka gina tsakanin 1927 da 1930. Tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, gidaje kusan 1,400 ne a ciki, amma mafi yawan filin lambu ne da wurin wasa. Rabon gidajen kuma da maki ake yi: yawan iyali, cunkoso, rashin lafiya, lalacewar inda mutum yake zaune.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Gidajen farko ƙanana ne ƙwarai, murabba'in mita 38 ko 48, kuma mafi yawansu ba su da wurin wanka a ciki, sai na tarayya. Masana da suka zo taron tsara birane a Viyana a 1926 sun soki ƙanƙantarsu, daga baya aka ɗan faɗaɗa. Wasu masu zanen gine-gine, irin su Adolf Loos, sun fi son ƙananan gidaje masu lambu a gefen gari maimakon manyan benaye. Akwai kuma suka mai nauyi daga masana tattalin arziki, ciki har da Friedrich Hayek, cewa dokar kare 'yan haya da aka kafa tun 1917 ta daskarar da haya, hauhawar farashi kuma ta cinye darajarta, har masu gidaje suka daina gyara, 'yan kasuwa suka daina gini. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa faɗuwar darajar filaye ce ta ba birnin damar sayen ƙasa da araha, har ya mallaki kimanin kashi ɗaya cikin uku na faɗin garin. Akwai ƙananan masu gidaje da suka tara guminsu a gini guda suka wayi gari ba ya kawo musu komai, kuma ina tausaya musu. Amma idan aka ce da an bar kasuwa da ta gyara abin, sai in ce an bar ta ai, shekaru hamsin kafin yaƙi tana hannun 'yan kasuwa, kuma abin da ta haifar shi ne hayar gado da tarin fuka.

Abokan hamayyar Breitner ba a kan girman ɗaki suka tsaya ba. Jaridunsu sun mai da shi dodo, suna kiransa mugun da ke jin daɗin azabtar da mutane da haraji, kuma suka riƙa cusa asalinsa na Bayahude cikin kowace suka. A yaƙin neman zaɓen 1930, Ernst Rüdiger Starhemberg, jagoran mayaƙan sa-kai na masu ra'ayin riƙau wanda a lokacin shi ne ministan cikin gida, ya tsaya gaban taro ya ce ba za su yi nasara ba sai ranar da kan "wannan ɗan Asiya" ya gangara cikin yashi. Minista ne fa, yana kiran a fille kan kansila a fili. Laifin mutumin shi ne ya sa mai barori goma ya biya kuɗin da aka gina wa lebura ban ɗaki. Duk lokacin da na tuna wannan raina yakan ɓaci, domin yana nuna iyakar inda masu hali za su iya kaiwa idan aka taɓa aljihunsu, ko da abin da aka ɗiba bai hana su komai ba.

Da tattalin arzikin duniya ya karye bayan 1929, gwamnatin tarayya, wadda ke hannun 'yan hamayya, ta shiga zaftare kason da Viyana ke samu. Gini ya ragu. Breitner ya sauka a 1932, Danneberg ya gaje shi. A watan Fabrairun 1934 gwamnatin Engelbert Dollfuss ta murƙushe jam'iyyar ma'aikata da ƙarfin soja, har aka harba manyan bindigogi kan Karl-Marx-Hof, ginin da iyalai ke zaune a ciki. Aka kama magajin gari Seitz, aka kama Breitner, aka rushe zaɓaɓɓiyar majalisar. Bayan an sake shi ya bar ƙasar, ya zauna a Italiya, daga nan ya wuce Amurka, inda ya rasu a Kalifoniya a 1946 bai sake ganin garinsu ba. Danneberg kuwa 'yan Nazi sun kashe shi a sansanin Auschwitz a 1942.

Gidajen sun rayu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu birnin ya ci gaba da gini, har aka sa wa wani babban rukunin gidaje sunan Breitner. Yau majalisar Viyana na da gidaje kimanin 220,000, mutane kusan 500,000 ke zaune a ciki, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna birnin. Idan aka haɗa da gidajen ƙungiyoyin gini da doka ta taƙaita ribarsu, kusan rabin garin na zaune a gidan da ba kasuwa ce kaɗai ke yanke hayarsa ba. An kuma ɗaga iyakar albashin da ake buƙata ta yadda mafi yawan mazauna birnin sun cancanta, kuma wanda ya samu ƙarin albashi bayan ya shiga ba a korarsa. Wasu na ganin wannan almubazzaranci ne, wai me ya sa likita zai zauna a gidan hukuma. Ni ina ganin dabara ce. Idan direban bas da malamin jami'a suna hawa matakala ɗaya, rufin ba ya daɗewa yana yoyo, kuma babu ɗan siyasar da zai iya sayar da ginin ba tare da ya taɓa masu murya ba. Gidan da aka ware wa matalauta zalla shi ne ake mantawa da shi.

Ba aljanna ba ce. Har zuwa 2006 baƙin da ba 'yan Tarayyar Turai ba ba su da damar samun gidan majalisa, alhali da yawansu su ne ke aikin ƙarfi a garin. Yau ma sai mutum ya shekara biyu da rajistar zama a birnin kafin ya shiga layi, don haka sabon zuwa, wanda ya fi kowa buƙata, shi ne ke faɗawa hannun masu gidaje na kasuwa. Birnin ya kuma dakatar da gina nasa gidajen a 2004, sai a 2015 aka sanar da komawa, bayan jama'a sun ƙaru haya ta fara tashi. Waɗannan kurakurai ne na gaske, kuma masu yabon Viyana ya kamata su riƙa faɗarsu. Amma abu ɗaya da kansilolin da suka biyo baya suka riƙe, wanda suka cancanci yabo a kai, shi ne sun ƙi sayarwa a lokacin da sayarwa ta zama yayi a Turai.

A Birtaniya, dokar gwamnatin Margaret Thatcher ta 1980 ta ba 'yan haya damar sayen gidajen majalisa da rangwame mai yawa. A Ingila kaɗai an sayar da kusan miliyan 2, ba a gina madadinsu ba, kuma da yawa daga cikinsu yanzu suna hannun masu ba da haya, wasu ma majalisun ne ke karɓar hayarsu da tsada don tsugunar da marasa matsuguni. Birnin Dresden na Jamus ya sayar da gidajensa kimanin 48,000 ga wani kamfanin zuba jari na Amurka a 2006 don ya biya bashi. Barlin ta riga shi: a 2004 ta sayar da kamfaninta na gidaje mai suna GSW, mai gidaje kimanin 65,000, kan Yuro miliyan 405, masu saye suka ɗauki bashin da ke kansa. Kansiloli da 'yan majalisar da suka ɗaga hannu a lokacin sun ce baitulmali ya bushe, babu yadda za a yi. Breitner ya tarar da baitulmalin da ya fi nasu bushewa, a garin da ke fama da yunwa, kuma gini ya yi.

Hayar Barlin ta yi ta hawa har mazauna suka fusata. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Satumban 2021, mafi rinjaye suka goyi bayan a karɓe gidajen manyan kamfanoni a mai da su hannun hukuma. A wannan watan ne kuma kamfanonin gidaje na birnin suka sayi gidaje kimanin 14,750 daga hannun manyan kamfanonin gidaje na 'yan kasuwa guda biyu, Vonovia da Deutsche Wohnen, kan Yuro biliyan 2.46. Deutsche Wohnen ɗin nan ita ce ta haɗiye GSW a 2013. Kuɗin sayen kuma ranto su aka yi, wanda ke nufin 'yan hayar Barlin ne za su biya su, da ruwansu, daga cikin hayar da suke bayarwa kowane wata.